Alhaji da Neman Wata a Handsworth

Ya ga watan nan kuwa, ko bai gani ba? Har yau ban sani ba, kuma wanda zai gaya mini yana kwance a maƙabartar Manchester. Rubuta kawai, 'yar nan, kada ki kula da hawayena.

Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, tun da muka baro gida bai ƙara ganin jinjirin watan azumi da idonsa ba. Kullum sai dai a faɗa masa a waya, abin yana cin ransa. A Cheetham Hill, unguwarmu a Manchester, in ba gajimare ba, to rufin sito ne ya tare yamma. Da ya yi ritaya daga tuƙin bas, sai mijinki ya ba shi ɗan jirgin wasan nan marar matuƙi, mai kyamara a ƙirji. Alhaji ya juya shi, ya ce ai shi ke nan, zai aike shi ya huda gajimare ya gano masa wata.

Mijinki ya yi ta bayani cewa doka ta hana. Can sama hanyar jiragen mutane ce, kusa da filin jirgi ma ba a tayar da shi, ba a barinsa ya ɓace wa ido, kuma in jirgi mai ɗauke da mutum ya tunkaro, sauke naka ake yi nan take. Alhaji ya yi tsaki, amma ya yarda. Ya ce shi da bai taɓa tsallake jar danja ba a ƙasa, ba zai fara a sama ba.

Sai ya naɗa ni mai sauraro, tunda kunnensa ya yi nauyi. Na ɗauki aikin da gaske. Na sa ya sauke jirgin saboda ƙarar injin yankan ciyawa. Na sa ya sauke shi saboda babur. Rannan cikinsa ne ya yi ƙugi, na ce ya sauke, ya sauke ɗin.

Bara da muka zo wurinku Birmingham, daren duba wata ya same mu. Gari ya waye garau, ya wuni garau. Da magariba muka tafi fili a Handsworth, shi da babbar riga da rimot, ni da kujerar roba. Ya ɗaga jirgin ya ɗara bishiyoyi kaɗan, ya juya shi yamma, ya manna hanci a wayar da ke nuna hoton kyamarar.

Sai na ji fat-fat-fat daga nesa. Helikwaftan asibiti ne, ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, sauke."

"Hajiya, kin tabbata ba cikina ba ne?"

"Sauke, na ce!"

Ya ja dogon numfashi, ya sauko da shi kan ciyawa. Kafin helikwaftan ya wuce, duhu ya rufe. A hanya murmushi kawai yake yi. Na tambaye shi ko ya gani, ya ce wanda ke cikin jirgin can ya fi shi bukatar sama.

Bayan salla ciwo ya kwantar da shi. Ranar ƙarshe a asibiti na tsaya a gaban gadonsa, na ce ya gaya mini gaskiya don Allah, ya gani ko bai gani ba. Ya dube ni, ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Hajiya, zauna mana. Kin tare mini taga."