Kunun Kanwar Inna

Salamu alaikum 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibaina. Kun kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba. Tun rasuwar mahaifiyata, Inna, ko wayar ba na son ɗauka. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Abin da ya taso ni yau, na ga kuna ta jero sunayen likitoci mata da malaman likitanci da suka cancanci karramawa. Ni ma ina da tawa. Ban taɓa ba da labarinta ba ne saboda Inna na raye.

Zamanin da kuɗin fetur ya shigo ne, gida-gida rediyo da sabon babur. Ina koyarwa a firamare a Ƙanƙara, na yi haihuwar fari, aka kai ni wankan jego gidanmu a Ruwan Godiya.

Inna ba ta wasa da jego. Safe da yamma ruwa na tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini. In na fito, sai gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ga kunun kanwa ƙwarya cike, wai kada sanyi ya shige ni, nono kuma ya kawo.

Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura. Aka ce ƙibar jego ce, har ana yi wa Inna sannu da ƙoƙari.

Sai tari. Sai na kasa kwanciya, sai dai in jingina da bango. Daga ɗaki zuwa bayi sai na tsaya na huta.

Inna ta ce, "Sanyi ne ya samu ƙofa." Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa.

Ranar da na kasa ɗaga jaririna, Baba ya ce ya isa haka. Motar auduga ta kai mu Funtuwa, can suka ce wannan sai asibitin koyarwa a Zariya.

Likitar da ta karɓe ni mace ce, siririya, mayafi a kan farar riga, ɗalibai na biye da ita. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka manna mini wasu wayoyi. Ta ɗaga hoton wajen taga ta ce zuciyata ta kumbura, ruwa ya taru a huhu.

Na ce, "Likita, mutuwa zan yi?" Tsoro ya gama da ni, yaron kawai nake kallo.

Ta ce, "Wannan sanin na Allah ne. Amma na ga waɗanda suka fi ki jin jiki sun tashi. Gishiri da kanwa dai, ko ɗanɗane ban yarda ba."

Kullum da safe a hau sikeli, a haɗiyi ƙwayar zuciya, a yi allurar da ke sa fitsari, a ci abinci lami. Magani kyauta ne a lokacin. Kuɗin mota da zaman jinya ne suka ci tunkiyar Baba.

Kumburin ya fara saɓewa, sai kuma ya dawo. Inna ce ke dama kunun kanwar a ɓoye a inda masu jinya ke girki, ta shigo da shi ƙarƙashin mayafi. Ta tabbata in ban sha ba sanyi zai kashe ni. Ni kuwa uwa ta miƙo mini, ya zan yi? Ina sha ina hawaye.

Likita ta gano. Na ce shi ke nan, yau Inna za ta sha faɗa a gaban yara.

Sai ta sallami ɗaliban. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarmar Inna ta gaishe ta. Ta sa mata abin sauraren ƙirji a kunne, ta ɗora ɗaya bakin a bayana.

"Inna, me kika ji?"

"Kamar tukunya ta hwara tahwasa."

"Ruwa ne. Jikin wannan ɗiya taki ba ya ɗaukar kanwa, halittarta ce haka, ba laifin kowa. Ki taimake ni."

"In sanyi ya kama ta hwa?"

"Sanyin ki bar mini shi, aikina ne."

Inna ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Ba ta sake damawa ba.

Daga baya Likita ta riƙa zaunar da ita tana tambayarta yadda ake wankan jego, tana rubutawa. Ashe bincike take yi, don mata irina sun cika ɗakin. Ranar sallama ta ja ni gefe ta ce, "Kanwar da zafin nan su suka ɗora wa zuciyarki kaya. Amma kada ki taɓa faɗa wa Inna. Ƙauna ce ta sa."

Na riƙe.

Na daɗe ina shan magani, ina zuwa awo, har aka ce zuciyar ta koma daidai. Haihuwar da na yi daga baya, ruwan ɗumi kawai Inna ta ba ni. Matan gari suka ce ta yi ƙyashin itace, ta wofintar da ɗiyarta. Ta sha gori har ta tsufa, ba ta taɓa tankawa ba.

Don Allah, in mai jego ta kumbura, tana haki, ta kasa kwanciya, kada ku ce ƙiba ce ko sanyi. Ku kai ta asibiti ranar. Ku bar kanwa, ku sassauta zafin ruwan. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma ta ga likita kafin wani cikin.

Saura abu ɗaya. A ciwon ajalinta, ina shafa mata mai a ƙafa, Inna ta ce, "Kin san na sani ko? Ni na kusa kashe ki. Tun sa'adda Likita ta sa mani abin nan a kunne na gane. Na ga ta ruhwa mani asiri, shi ya sa ni ma ban nuna ba."

Na ci gaba da shafa mata man.

Alhamdu lillahi da Ya bar ni na yi renon 'ya'yana. Ban san ko Likita na raye ba. In tana nan, wanda ya gane ta a labarin nan ya kai mata saƙo: Inna ta sani, kuma ta ce a gode mata.