Littafin Baba Lungu da Kujerar Baya

Shekarar da aka yi zafin nan da ya tsayar da jiragen ƙasa, har mutanen unguwarmu ta Small Heath suka riƙa zama a ƙofar gida suna fifita kamar a Fagge, a shekarar ne inabin Ingila ya yi zaƙin da ban taɓa ji ba. A shekarar ne kuma Allah Ya karɓi ran Baba Tanimu.

Na san da yawanku sai kun yi tunani kafin ku gane wa nake nufi, domin Baba Lungu kuka sani. Dattijon nan mai kwat ruwan toka, gwangwanin yaji a aljihun dama, baƙin littafi ɗaure da roba a aljihun hagu. Mutumin da ba ya cin abinci a wurin da kowa ya sani. In ya ga gidan abinci da babban allo mai walƙiya, sai ya taɓe baki ya ce, "Wuce, Isyaku. Kuɗin miya ya tafi a fitila."

Ni ne Isyakun, mai yanka nama a wani shago a Stratford Road. Kafin na zo ƙasar nan shekara goma sha huɗu na yi ina jan tirela tsakanin Kano da Legas. Ban yi boko ba, ban taɓa karanta allon hanya ba, amma in na bi hanya sau ɗaya ta zauna a kaina ke nan. Baba kuwa tsohon injiniyan ruwa ne, takardunsa sun cika bango, amma tsakanin gidansa da masallaci sai ya ɓace. Ga shi ya rantse ba zai kunna na'urar nuna hanya ba.

"Mace ɗaya ce ke ba ni umarni a duniya," in ji shi, "kuma tana gida."

Shi ya sa duk Asabar yana tuƙi, ina kujerar gaba ina cewa, "Bayan cocin nan mai karyayyen agogo, hagu. In mun ga farin doki, a rage gudu." In mun ci abinci ya yi masa daɗi, sai ya juya mini baya ya yi rubutu a littafinsa, kamar in na gani zan iya karantawa.

Wata Asabar da kaka ya ce mu nausa yamma, wajen iyakar Wales. Muka bar babban titi, muka shiga hanyar da mota biyu ba sa giftawa, sai ga mu a wata 'yar gonar inabi a gefen tudu. Na ga ganguna jere a rumfa, na juya wajen Baba.

"Baba, nan fa giya ake yi!"

"Na sani. Mun zo ceto ne. Za mu karɓe ruwan inabin tun yana halal."

Mai gonar wani tsohon Bature ne mai jan hanci. Ya fito da kwalba da kofuna masu doguwar ƙafa, Baba ya ɗaga hannu ya ce a mayar da kwalbar, a bar kofunan. Ya ja tsohon har gaban injin matsa, ya tara kofi a bakin bututu, ruwan inabin da aka matse a gabanmu ya zubo. Sai ya ɗaga kofin ya duba a rana, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, sak yadda ya ga Turawa suna yi.

"Akwai tsamiya a ciki," ya ce. "Can ƙasa-ƙasa kuma akwai ɗacin goro."

Wallahi sai da Baturen ya nemi a fassara masa, ya ɗauko biro ya rubuta a tafin hannunsa! Daga ranar Baba ya naɗa shi Sarkin Noma. Matar tsohon ta kawo mana burodi mai zafi da cukun akuya, Baba ya barbaɗa musu yaji, tsohon ya ci yana hawaye yana neman ƙari. Sarkin Noma ne ya kwatanta mana wasu ƙananan gonakin, da mai matsa tuffa a bayan tudu, da wata tsohuwa mai gasa kifin rafi. Duk ni na riƙe hanyoyin.

Ba a yi wata guda ba magana ta iso masallaci. Bayan Juma'a wani Alhaji ya tare shi a wajen takalma.

"Malam Tanimu, an ce an ga motarka a gidan giya."

"Allah Sarki. Shi wanda ya gan ni, wa'azi ya je yi?"

Alhajin ya saka takalmi hagu a dama ya fice.

To, shekara shida muna haka, ni da shi, lafiya lau. Sai ga Dakta Mansur.

Dakta ɗan abokin Baba ne, likita a Manchester. Yaro mai ladabi, ban taɓa kama shi da laifin komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ranar da ya fara biyo mu, muna ɗauko shi a tashar jirgi Baba ya ce, "Isyaku, koma baya. Ƙafafun Dakta dogaye ne."

Jama'a, kun san ni, kun san Dakta. Na fi shi tsawo da taƙi guda! Amma na koma baya, ni da kular abinci da dardumar salla. Daga can nake miƙo wuya ina cewa hagu, dama, su kuwa suna gaba suna Turanci. "Ɗana" yake ce masa. Ni shekara shida ban wuce "kai Isyaku" ba.

A kakar nan Baba ya ce zai rufe bakin masu gulma: zai kai ruwan inabin Sarkin Noma masallaci kowa ya sha ya ji. Ranar Asabar ya cika jarka babba, rabo kuma sai Juma'a.

Na ce, "Baba, ko kunun zaƙi ba ya kwana shida."

"Wannan ba kunu ba ne. Dakta, me ka ce?"

Dakta ya ce a ajiye a wuri mai sanyi. Baba ya kai jarkar ƙarƙashin bene, wai can babu rana, ya jingina ta da tukunyar ɗumama gida. Ranar Alhamis da la'asar Hajiya Binta, matarsa, tana lazimi ta ji ƙara kamar taya ta fashe. Kafin na iso gidan, kumfa ta kai ƙofar falo. Wari kuwa, ko a titi ka tsaya ka san abin da ya faru. Ni na durƙusa da tsumma ina gogewa, Hajiya na tsaye a kanmu.

"Shekara arba'in ina tsare gidan nan, yau ka haɗa mini giya a ƙarƙashin bene!"

Baba ya kira Dakta a waya ya sa a lasifika. Dakta ya yi bayanin wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu cin zaƙi in sun ji ɗumi. Baba ya gyaɗa kai ya dube ni.

"Ka ji ilimi, Isyaku?"

Ni da na faɗa tun ranar Asabar, da kunu! Na ci gaba da matse tsummana.

Sai kuma ranar da Dakta ya gayyace mu Manchester, ya kai mu wani wuri mai farin ƙyalle a tebur. Aka kawo nama kamar kunnen ɓera a tsakiyar faranti, Baba ya dube shi ya ce, "Allah Ya raya." Da muka fito, hancina ya jiyo albasa da man shanu daga wani lungu a bayan shagon faci. Na bi ƙamshin, suka biyo ni. Wata dattijuwa ce 'yar Sudan, tebur uku kacal, tana dafa wake da naman rago. Baba ya ci har ya kwance maɓallin wuya. Ya ciro littafi, ya dafa kafaɗar Dakta ya ce, "Garinku ya yi, ɗana. Ka iya zaɓe."

Ya iya zaɓe!

Dokar Baba ɗaya ce: ba a faɗa wa kowa wuri. Ni da na taɓa kai matata wani wurin gasa kaza a Handsworth, Juma'a biyu bai amsa gaisuwata ba. Dakta kuwa ya ɗauki hoton waken ya watsa a waya. Da muka koma bayan wata biyu, layi har shagon facin, an kafa allo mai fitila. Na gyara zama a baya, na ce yau zan ga yadda ake yi wa ɗa faɗa. Baba ya daɗe yana kallon layin.

"Yarinta ce," ya ce. "Mu juya, Isyaku, ina ne hanya?"

Fitarmu ta ƙarshe gonar Sarkin Noma muka je, a kakar shekarar zafin. Baba ya rame, Dakta ne ya yi tuƙi. Baba ya kurɓi ruwan inabin ya daɗe bai buɗe ido ba, sannan ya ce, "Bana babu ɗacin goro." Kwana goma sha ɗaya bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Ranar addu'ar bakwai Hajiya ta fito da kwat ɗin. Ta miƙo mini gwangwanin yaji, ta miƙa wa Dakta littafin, ta ce haka ya yi wasiyya. Na yi godiya, na sa gwangwani a aljihu. Amma a bas ɗin komawa gida, Allah Ya yafe mini, ba mutuwar nake tunani ba. Shekara tara ina nuna hanya, ladana barkono!

Bayan sati biyu Dakta ya kira ni.

"Kawu Isyaku, akwai magana a kan littafin nan. Bari in karanta maka..."

"Kai aka ba, Dakta. Karanta abinka."

Na kashe. Ya sake kira sau uku a watan, ya zo shago sau ɗaya da littafin a hannu, na ce a gaya masa ina cikin ɗakin sanyi. Na tsaya a cikin sanyin nan har ya tafi, haƙorana suna kaɗawa. A nan na yi wa kaina alkawari: ba mai karanta mini rubutun Baba. Da idona zan ga abin da ya rubuta a kan ɗansa, in ga ko sunana ya fito ko sau ɗaya.

Na shiga ajin manya na ƙaramar hukuma, Talata da Alhamis bayan na tashi aiki. Ni da furfurata ina bin harafi da yatsa. Turanci ake koyarwa, amma na gano in ka san haruffan, Hausa ta fi saurin buɗe maka ƙofa. Ban yi gaggawa ba. Wanda ya taɓa kwana uku a layin gada da tirela ya san jira. Shekara biyu na yi, sannan na kira Dakta na ce ya kawo littafin.

Ya zo gidana ranar Asabar. Na cire robar, na buɗe shafin farko, na ɗora yatsa. Rubutun Baba manya-manya ne, da Hausa.

"Gonar Sarkin Noma. Ruwan inabi, tsamiya da goro. Cukun matarsa sai da yaji. Hanya: tana kan Isyaku."

Na juya. "Tsohuwa mai kifi. Kada a je ranar Lahadi. Hanya: tana kan Isyaku."

Na juya, na juya. Babu sunan gari, babu sunan titi, babu lamba ko ɗaya. Wuri ashirin da uku, sunana a duka ashirin da ukun. A shafin 'yar Sudan ya ƙara layi guda: "Hancin Isyaku ne ya gano. Kada a gaya masa, kansa zai kumbura."

Sunan Dakta sau ɗaya ya fito, a bangon ƙarshe: "Mansur, ka iya mota, ba ka san ko'ina ba. Ka riƙa ɗaukar kawunka ran Asabar. Ba zai roƙe ka ba."

Na ɗago, Dakta yana share ido.

"Abin da nake ta son in karanta maka ke nan, Kawu."

"To me ya hana ka faɗa da ƙarfi?"

"Kana cikin firji."

Muka yi dariya har matata ta leƙo. Sannan na ɗauki gwangwanin yaji muka fita. Ya buɗe mini ƙofar gaba. Na shiga, na tura kujerar baya iyakar tafiyarta, na miƙe ƙafafuna. Har yanzu ina jin haushin "ɗana" ɗin nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na zauna a gaba.

Allah Ya jiƙan Baba Tanimu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Mutumin da ya yi ta tsallake kwalabe yana neman ruwan halal, Allah Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna, inda babu layi, babu ɓata hanya. Mu kuma Allah Ya cire mana ƙyashi tun muna da sauran Asabar.

Mun bi wuraren duka, ni da Dakta, ban ɓata ko kwana ɗaya ba. Cikin ashirin da uku, goma sha huɗu suna nan. Shida sun rufe a shekara biyun da na yi ina fushi. Biyu sun kafa allo mai fitila. Gonar Sarkin Noma an sayar, an tuge inabin, tumaki ne a wurin. Shi kansa ya rasu wata biyar kafin mu je. Matarsa ta ce kaka biyu yana ware jarka guda, yana tambaya ko masu yajin nan sun zo.