Mutumin da ya zana fadamarmu

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Jega. Kasuwa ta fara watsewa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ni kuma ina tsugunne a ƙofar gida ina wanke ƙoren fura, sai na hango mutane sun shawo kwanar layinmu. Suka nufo gidanmu kai tsaye. Wajen Kwami suka zo, baƙon babanmu.

Kwami mutumin Gana ne, dogo, duk farcensa fenti. Shekaru ya yi a ɗakin zaurenmu yana zane a bayan manyan motocin da ke kwasar albasa daga Aliero zuwa kudu. Direba zai ce zaki yake so ko dawisu, ya yi masa, amma sai ka tarar a bayan zakin akwai kogi da tudu da jerin bukkoki. Garinsu ke nan. Ya ce yana yaro aka datse kogi, ruwa ya shanye garin har maƙabarta, shi ya sa yake zana shi kada ya manta. Mu yara mun raina Hausarsa, muna kwaikwayonsa in mun tafi ɗiban ruwa ko korar tsuntsaye a gonar shinkafa, shi kuwa ko a jikinsa, har gwangwanayen fenti yake bar mana muna yin motoci.

A daminar nan ya fara bin mu fadama da wani faifan katako. Muna cirar ciyawa, yana zaune yana kallo, yana shafa fenti. Da ya gama na leƙa, sai ga gonarmu ɗungurungum, har da ni duƙe da jan ɗankwalina. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. To amma gulbi ya fara cika, ga labari ya zo cewa ruwa ya ci gonaki wajen Maiyama, kuma an ce an taɓa ganinsa can da allonsa. Nan mutane suka haɗa zancen: ya zana garinsu ruwa ya ci, ya zana Maiyama ruwa ya ci, saura mu. Kakata ta daina aika masa tuwo, tana cewa, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Da mutanen suka iso ranar Juma'ar nan, Baba ya fito ya tare ƙofar zaure. Wani mahauci da wuƙa a ƙugu ya ce, "Malam Garba, hiddo muna shi." Baba ya ce, "Wanga baƙona na. Wanda duk ka son taɓa shi, shi hwara da ni." Na tabbata ranar za a zubar da jini a ƙofarmu. Sai ga Kwami ya fito da kansa, allon da ya zana gonarmu a hannu ɗaya, gwangwanin farin fenti a ɗayan. Ya jingine allon da bango, ya dinga shafewa a gaban kowa, gulbin, shinkafar, har ya zo kaina. Ya juyo ya ce da Baba, "Maigida, ka yafe." Washegari ya bi motar albasa, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Kafin wata Juma'ar ruwa ya haura ya kwashe gonar, ya bar mana rairayi, kuma ba wanda ya ƙara ambaton sunan Kwami.

Yau ina aure a Kaduna. Inda fadamar take an yanka filaye, an zuba bulo. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni yadda gonar kakanta take, na buɗe baki zan faɗa mata, na rasa ta wane gefe gulbin yake bi, na rasa ko itatuwan bakin hanya ɗorawa ce ko tsamiya. Shi baƙon ya riƙe garinsu bukka-bukka. Ni da aka haifa a wurin, farin allo kawai nake gani.