Turaren Alhaji Bakari da Kifin Mbakaw

Daga Garwa

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Jambutu a Garwa, ni da jikata Fadimatu, mai karatun kimiyyar sinadarai a jami'a. Nawa rakiya ne, don na san mutanen Tibati. A cinyarta akwai ɗan akwati cike da wasu fallaye shuɗaye, kowanne kamar farcen babban yatsa. Ta ce fiffiken malam-buɗe-littafi suka kwaikwaya: shuɗinsa ba rini ba ne, siraran hawa-hawa ne masu sarrafa haske. In tururin kifin da ya fara lalacewa ya shiga tsakaninsu, sai su koma kore tun kafin hanci ya ji. Tana buƙatar masu kifi su bar ta ta gwada a kan kayansu. In suka ƙi, aikinta na shekara ya tsaya.

Kafin hawan dutsen Ngawundare jandarma ya leƙa akwatin. "Papa, layu ne?" Na ce masa da Faransanci kayan makaranta ne, ya sallame mu da Fulatanci. Muka kwana a Ngawundare, aka ba mu tuwon masara da miyar yakuwa, ga sanyi irin na Jos.

Tibati da Mbakaw

Hanyar Tibati ta jijjiga mu sosai. Bayan la'asar muka isa Mbakaw da ke bakin tafki kusa da Tibati, gidan tsohon abokina Alhaji Bakari, mai sayen kifi daga masunta yana aikawa kudu. Yadda aka saba yi wa baƙo, ya zagaya da kwalbar turare, kowa ya shafa a tafi da riga. Sannan aka kawo giwan ruwa, ko mutuwa bai gama yi ba.

Fadimatu ta ɗora falle kusa da shi. Nan take ya koma kore. Ta ɗora wani, kore.

"'Yata," in ji Alhaji, "kifin nan numfashi yake yi. Gaban mutanena za a ce ruɓaɓɓe nake sayarwa?"

Na taɓa ganin mata a Duwala da bakin Tafkin Cadi suna tantance kifi da hanci kaɗai, har na fara tunanin mun yi zuwan banza. Ita kuwa sai ta kai tafinta hanci, ta dube ni da wasan jika da kaka.

"Tsohon mijina, kai da abokinka ne. Turarenku fallen ya sha."

"Turarena na Makka ne ya ruɓe?" in ji Alhaji.

"A'a, Baba. Fallen ne bai iya bambancewa ba tukuna. A ba ni zuwa safiya."

Ya yi dariya, ya ce ya ba ta.

Da safe muka wanke hannu da sabulu, muka canza riguna, muka sauka bakin ruwa. Kusa da sabon kamu, fallen ya tsaya shuɗi. Kusa da na jiya, wanda kowa ya rantse lafiyarsa ƙalau, ya soma kore a hankali. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta zauna duk kwanakin da take so, turare kuma sai an tashi aiki.

Komawa gida

Mun iso Jambutu lafiya, godiya ga Allah da mutanen Mbakaw. Alhaji ya yi mini guzurin turare kwalba guda. Saboda ita, tun daga Tibati har Garwa Fadimatu da akwatinta suna gaban mota, ni ina can kujerar baya.