Safe Shagon Hajiya, Yamma Kantin Alhaji

Shekaranjiya wata mata ta wuce ni a bakin titi, iska ta kwaso min ƙanshin humrarta, irin mai nauyin nan da ba a cika haɗawa ba yanzu. Sai da na tsaya. Matar ban san ta ba. Wani hijabina ruwan toka na tuna, wanda duk wankin da zan yi masa ba ya rabuwa da wannan ƙanshi, a shekarar da na yi aiki a shago biyu.

Ina 'yar shekara goma sha bakwai lokacin, na gama sakandare ke nan. Gidanmu a Zaitawa yake, gidan gado, sai ka wuce soro biyu kafin ka iso tsakar gida. Babana marini ne a Ƙofar Mata. Tun tasowata da shuɗin hannu na san shi, har na ɗauka haka hannun kowane uba yake. A farkon damunar shekarar bayansa ya riƙe, sunkuyo a bakin karofi ya gagare shi. Ya koma kwanciya a soron ciki, yana jin muryar abokan sana'arsa suna wucewa da safe. Ni ce babba a ɗakinmu. Ba wanda ya ce min in fita neman aiki, amma na ga yadda tuwon dare yake raguwa a kwano.

Wata Hajiya na fara samu, mai shagon mayafai da turare a jikin gidanta, can wajen Ƙofar Mata. Daga takwas na safe zuwa azahar take so, don da rana 'yarta tana dawowa daga makaranta ta karɓa. Bayan wata guda goggona ta samo min wani wurin, kantin wani Alhaji a Shahuci, mai sayar da sabulu da madara da kayan shayi. Shi kuma yamma yake so, daga biyu da rabi zuwa magariba, saboda yana zuwa ɗaukar karatu. Na ce to, Allah ya raba min ranar daidai. Ita Hajiya, na ce mata Islamiyya nake zuwa da yamma. Alhaji kuwa na bar shi a kan aikin gida nake yi da safe.

In ba ka taɓa ratsa lungunan cikin gari da damuna kana sauri ba, ba za ka gane ba. Ruwa ya tsaya amma indararo yana ta zuba a kanka, kwata ta cika ta hau hanya, silifas yana fallatsa maka taɓo har gadon baya. A gidan goggona nake tsayawa in yi azahar, in goge ƙafa, in ɗauki awara a leda ina tafe ina ci a ƙarƙashin hijabi. In na hango wata mai sayen mayafi ta nufo kantin Alhaji sai in sunkuya ƙasan kantar kantin kamar ina neman wani abu. Wata rana Alhaji ya shaƙi iska ya ce, "Wai ke 'yar nan, gidanku turare ake dafawa ne?" Na yi dariya.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ta fara lura. Tsohuwa ce doguwa, idonta ya fara rauni amma kunnenta ras. Ɗakinta yana kallon rijiya, kullum tana bakin ƙofa tana gyaran zogale ko tsinkar yakuwa. Ran nan na dawo na zube a tabarmarta, ta bar ni na sha ruwa, sannan ta ce, "Hajiyar nan ta aiko da gaisuwa, tana yaba miki, wai ba kya fashin Islamiyya."

Na ce ai Hajiya ba ta san da kantin Alhaji ba, shi ma bai san da ita ba.

Ta ce, "Sata kike yi?"

Na ce, "A'a, Kaka."

"To me ya sa kike yawo a gari kamar ɓarauniya? Guminki kike ci. Ki je ki faɗa musu, su duka biyun. Mutanen kirki ne, sun san ubanki, sun san yana kwance."

Na ce mata ba ta san halin masu shago ba. Ta ce ita ta san iyayensu ma. Kwana uku muna wannan ja-in-ja. A rana ta huɗu ta ƙi cin biredin da na sayo mata, ta tura shi gefe. Wannan ne ya karya ni.

Hajiya na fara gaya wa. Na durƙusa a gabanta tana ninke wani mayafi mai duwatsu, na faɗi komai, har ƙaryar Islamiyyar. Ta ƙarasa ninkin, ta ajiye mayafin. Can ta ce, "Ni me na rage ki da shi?" Na ce ba komai. Ta ce, "To Allah ya taimaka." Alhaji kuwa tasbaharsa ya ci gaba da ja, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wato ragowar ƙarfinki kike kawo min." Na ce wallahi ban taɓa makara ba. Ya ce ai bai ce na makara ba.

Na koma gida ina jin kamar an sauke min kaya. Kaka ta sa min albarka. Sati ɗaya na yi cikin wannan daɗin.

Daga nan komai ya zama laifin ɗaya shagon. In na yi hamma a wajen Hajiya, Alhaji ne ya gajiyar da ni. In gwangwanin madara ya faɗo a wajen Alhaji, hankalina yana can wurin mayafai. Abin da ya fi ci min rai shi ne, a baya da nake ƙarya ba wanda ya taɓa ganin gajiyata. Ni ce dai, ƙafafun nan ne dai, amma yanzu kowa ya sami abin nunawa. Hajiya ta ƙirƙiro wata sabuwar ɗabi'a. Da an kira azahar na miƙe, sai ta tuna akwai kwalaben da ba a goge ba, ko a sauko da mayafan sama a sake jera su. Ba ta ce kada in tafi ba, ko sau ɗaya. Tana dai kallon agogon bango tare da ni, tana cewa, "Yi a hankali, kada ki fasa."

Da azumi ya matso, kasuwa ta buɗe wa kowa. Hajiya ta ce tana son wuni cikakke saboda kayan Sallah. Alhaji ya ce shi ma masu sayen sukari da gero da safe suke zuwa. Kowa ya ce in yi tunani. Na yi ta roƙo a bar ni yadda nake, don wuri ɗaya ba zai riƙe gidanmu ba, kuma su biyun sun sani, tunda da bakina na gaya musu.

Wata Talata aka kawo wa Hajiya dila biyu na kaya daga kasuwar Kwari daidai azahar. 'Yarta ba ta dawo ba. Na ce, "Hajiya, yau Alhaji zai kai matarsa asibiti, ya ce kada in wuce biyu." Ta ce, "To in bar kayan a titi?" Na kwance, na jera. Sai uku da kwata na fita. Na yi gudun da budurwa ba ta yi a cikin gari, mutane suna kallona. Na iske kantin a kulle da kwaɗo biyu. Mai shayin da ke gefe ya ce Alhaji ya jira har ya gaji, ya rufe ya tafi, bai bar saƙo ba.

Washegari na tarar da wata a bayan kantar Alhaji, 'yar ƙanwarsa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ki je ki riƙe wancan da kyau. Mutum ba ya rabuwa biyu." Na juya wajen Hajiya, na ce to ga ni, wunin da take so na ba ta. Ta ce ai tun da na tsaya tunani ta yi wa wata magana, safiyar dai in ina so tana nan.

Ban taɓa ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar. Na tsaya a bakin rijiya ina kuka, na ce, "Da na yi shiru da yanzu ina da aikina biyu! Ke kika ce mutanen kirki ne!" Mahaifiyata ta fito da muciya a hannu za ta kwaɗe ni, Kaka ta ce a ƙyale ni.

Da la'asar ta yafa mayafinta, ta ɗauki sandarta, ta ce in raka ta Shahuci. Tafiyar da nake yi a ɗan lokaci, sai da muka zauna hutu sau uku a dakalin mutane. Alhaji ya taso da sauri, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa. Ta yi masa bayani a tsanake, ta ce ita ta sa ni faɗa, in akwai laifi nata ne. Ya ce, "Haba Inna, ai ba laifi. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaukar min ko ashana ba." Ya ɗaura mata sabulu da sukari a leda, ya raka mu har bakin lungu. Aikin dai bai mayar ba.

A hanyar dawowa muka zauna a dakali na ƙarshe. Tana haki ta ce, "Na ɗauka zamanin da na sani ne." Ta juya ledar a cinyarta. "Ko na cuce ki, 'yar nan?"

Ban amsa mata ba. Haushi bai bar ni ba. Ta rasu bayan shekara biyu, ban kuma amsa ba, kuma wannan shirun yana damuna fiye da aikin da na rasa.

Yanzu cikin gari ya cika da shaguna, kusan kowane soro an fasa shi an sa ƙofar ƙarfe, kuma da wuya ka sami yarinyar da aiki ɗaya yake isarta. Ni ma ina da nawa shagon, na kayan jarirai, da yarinya mai zuwa rabin wuni. Ran da ta fara na ce mata, in tana da wani wurin ta faɗa min, ba zan riƙe ta da shi ba. Ta amince da ni, ta ce tana tsaron shagon waya da yamma. Makon jiya ƙarfe ɗaya ta yi, shago cike da mata, ta ɗauki jakarta. Na ji bakina ya buɗe zai ce ta tsaya ta jera min takalman can tukuna. Da ƙyar na haɗiye. Na ce, "Yi sauri, kada ki makara." Ta fita da gudu, ni kuma na tsaya ina jin haushinta, ina jin kunyar kaina.