Tukwanen Yaya a Gonar Albasa

A gidanmu ni ne ɗan boko, don na kai aji huɗu kafin malamai su gaji da ni. Shi ya sa da labari ya iso Birnin Kebbi cewa taubashina yana cinye makabartar gidanmu ta bayan Gulma, taku ɗaya duk rani, aka ce in je in rubuta wa ke kwance ina, a kai wa mai gari.

Na sayi littafi da biro, na maƙala tabarau, na shiga mota. Tudun kabari huɗu kawai na tarar. Sauran duk albasa ce kore shar, injin ban-ruwa yana tari daidai inda nake zaton mahaifinmu yake.

"Taubashi, ƙidayar matattu kaz zo?" in ji taubashina daga cikin gonar. "Kira sunansu. Duk wanda ya amsa, in ja baya."

Ba wanda ya amsa. Mu ba mu kafa allo a kabari, kuma mazan da suka ɗauki makarun duk sun bi su. Ni kuwa ranar da aka rufe baba ina Argungu wajen kallon kokawa, kada a tambaye ni. Don kar in koma hannu wofi, sai na tsince tsingaron da fartanya ta tono, irin tukwanen da ake fasawa a rufe kabari. Kowane na sa masa lamba, na auna takunsa daga gindin giginya, na zana wurinsa a littafi, na jefa shi a buhu.

Babba ɗaya ta rage mana, yayata da ke Gwadangaji, wadda ba ta taɓa taka makabarta ba, tunda mata ba su zuwa. Ta dubi zanena a juye, ta ce kaza ta fi ni hannu. Da na zazzage buhu kuwa sai ta ɗauki wani tsingaro.

"Wagga randar inna ce. Ga bakin da na ɓantare ina yarinya, har na sha kashi. Ran da baba ya cika maza suka sure ta, ko ruwan ba su juye muna ba."

Ashe kowace gawa da tukunyar wata mace ta tafi, mace kuwa ba ta yafe tukunya. Kafin la'asar ilimina ya koma na magatakarda: tana faɗi, ina rubutawa, tana gyara mini.

A zauren mai gari taubashina ya ce a yi adalci, yaushe mace ta san kabari? Yaya ta miƙo wuyan wani tulu daga bayan taro.

"Kai wanga, tulun aurena na. Ko wata bai yi a ɗakina ba gwaggo ta rasu. Uwa tai ke nan, ranka ya daɗe. Ɗan boko, ina kat tsince shi?"

Na gyara tabarau, na karanta da muryar alƙali: tsakiyar gona, inda albasa ta fi ƙiba.

A ranar ya tuge albasar wurin ɗanya, yana share ido, wai yaji ne. Ya kewaye uwarsa da ƙaya har ninki biyu. Mai gari ya yanke a mayar da iyaka duka, amma taubashina ya roƙi alfarma ɗaya, aka yi masa: baba, da yake kawu ne kawai, ya ƙara haƙuri ƙarƙashin injin sai albasa ta nuna.