Ranar da Muka Ɗauki Jirgi a Kafaɗa

Asabar: Tompkinsville zuwa Harlem

Ƙarfe biyar saura ashirin na asuba muka rufo ƙofa, ni da 'yata Ummi, kowa da jaka a baya. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunanta na yanka ba. Shekarunta ashirin da shida, nas ce a wani asibiti a Manhattan. Mahaifiyarta, Hajiya Rabi, ta rako mu bakin matakala tana yi mini wani kallo, don ita kaɗai ta san abin da na ƙulla a raina.

Shekara uku ke nan Ummi ta shiga sabgar bin koguna cikin daji da jirgin roba, irin wanda ake naɗewa a cusa a jaka, a yi tafiyar ƙasa da shi, in an isa ruwa a hura. Su suna ce masa packraft. Bana ta zo mini da maganar za su Alaska, su mata huɗu, kwana goma a kogin da babu gari babu waya. Tun ba ta rufe baki ba na ce a'a. Ba ta yi musu ba. Ta ce in bi ta kwana biyu kawai in ga yadda suke yi, in mun dawo na sake cewa a'a, to magana ta ƙare, ba za ta je ba. Na san halinta, in ta faɗa ta cika. Na yarda da tafiyar, amma na gaya wa Hajiya amsata tana nan yadda take.

Ba rashin sanin ruwa ya sa na ƙi ba. Ni ɗan Yauri ne, jikan masunta, na iya iyo tun ban iya ɗaura zariyar wando ba. Amma ruwa ya ci ƙanena Sale ran wata kasuwa, cikin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Yau shekara talatin da wani abu ban sake sa ƙafa cikin ƙaramin jirgi ba.

Mun taka zuwa tashar jirgin ruwa ta St. George muka sami jirgin fito na ƙarfe biyar. Wannan kullum ina cikinsa zuwa aiki, amma ni ban ɗauke shi jirgi ba, unguwa ce guda take tafiya a kan ruwa. Minti ashirin da biyar muka sauka Manhattan, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Harlem. A layi na 116 muka tarar Malam Isa, mutumin Maraɗi, yana buɗe kantinsa. Muka gaisa, na ce ya ba mu kilishi da burodi.

"Alhaji, to ina jirgin da kuka ce?" in ji shi.

Ummi ta zuge jakarta ta nuna masa wani ɗan naɗi.

"Wanga? Sallayata ta hi shi girma! Allah shi kiyaye, bon voyage, a sauka lahiya."

Hanyar arewa

Dana ce ta zo da mota. Baturiya ce mai kimanin shekara hamsin, abokiyar aikin Ummi, kuma ita ta koya mata wannan sabga. Ba ta da yawan magana, abin da ya sa na ji ta kwanta mini. Shida da rabi muka bar Harlem. Tara da kwata muna Albany, kimanin mil ɗari da hamsin, muka tsaya shan kofi. Duk tsawon hanyar babu wanda ya tsare mu ya ce a buɗe but, kyamara ce kawai take ɗaukar lambar mota.

Daga nan muka miƙa cikin duwatsun Adirondack. Sha ɗaya da rabi kwalta ta ƙare, wayata ta daina kamawa. Sha biyu daidai Dana ta ajiye mota kusa da wata gadar katako, ta ce a nan za mu fito gobe. Dabarar ke nan: a hau da ƙafa, ruwa ya dawo da kai. Ummi ta roƙe ni kada in rubuta sunan kogin, wai kada jama'a su cika shi. Na ce ta kwantar da hankalinta, mutanen Yauri ba za su zo ba.

A bakin hanya akwai wani akwatin katako da littafi a ciki. Kowa ya rubuta sunansa, inda za shi, da ranar da zai fito. Shingen binciken nasu ke nan gaba ɗaya. Na rubuta nawa ina tunanin ranar da aka yi ta ƙirga mutanen jirgin su Sale da ka, don babu wanda ya san ko su nawa suka shiga.

Tafiyar ƙasa, mil bakwai

Sha biyu da rabi muka shiga daji. Jakata za ta kai kilo goma sha biyar: jirgi, filafilin tuƙi mai gaɓa huɗu, rigar hana nutsewa, hular kwano, bargon kwana. Kafin mil biyu gwiwoyina suka fara tuna mini da shekaruna. Ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu cizo a bayan kunne. Ummi ta miƙo mini wata raga in rufe fuska, na ce ni ba amarya ba ce. Bayan minti goma na karɓa.

Biyar saura kwata muka isa masauki, wata rumfar katako mai bango uku a bakin kogi. Na yi alwala da ruwan, yatsuna suka ƙage don sanyi, ga shi kuwa watan Mayu ne. Na haɗa azahar da la'asar. Abincin dare shinkafa ce ta leda, wadda ake zuba wa ruwan zafi a jira. Ba don kilishin Malam Isa ba da na kwana da yunwa. Dana ta ci tana hawayen yaji tana miƙo hannu. Sauran abincin suka kulle cikin wani ƙaramin duro suka kai nesa da rumfa, saboda beyar, ƙaton naman dajin nan nasu. Muna idar da isha'i kowa ya shige bargonsa.

Lahadi: a kan ruwa

Bakwai da rabi aka shimfiɗa jiragen. Ba famfo ake sa musu ba. Wata jaka ce mara nauyi, ka buɗe ta ta kamo iska, ka matse cikin jirgin, ka ƙarasa da baki. Na ce to mu tafi, Ummi ta ce a'a, sai an tsoma su a ruwa an jira tukuna, don sanyi yana sa su saki. Haka kuwa aka yi, nawa ya yi laushi, na sake hurawa. Sannan ta duba maɗaurin rigata da na hulata, ta ja da ƙarfi, kamar yadda nake yi mata a kujerar mota tana ƙarama. Ta ce in na ji usur sau ɗaya in dube ta, in ta nuna gaɓa in fita, ba tambaya.

Shigata ke da wuya jirgin ya fara juyi da ni. Hannuna ya saba da tuƙin gefe guda irin na kwale-kwale, shi kuwa wannan ba shi da nauyi, kana taɓa shi ya waiga. Sau uku ina zagaya wuri ɗaya ina gaida itace guda. Ummi tana ta "Baba, hagu, dama, hagu, dama," tana danne dariya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Amma kafin mil biyu hannu ya faɗa. Idona kuma bai manta ba. Ina ganin inda fatar ruwa ta tattare na san akwai dutse a ƙasa, ina ganin inda ya yi santsi ya tsuke na san nan ce ƙofa. Sau biyu ina rigan su gani. Dana ta ce a shekara ashirin ba ta ga sabon shiga mai karanta ruwa haka ba. Na ce mata ni ba sabon shiga ba ne, tsohon fita ne. Daga nan kaina ya fara kumbura.

Sha ɗaya saura ashirin na ji usur. Ummi ta nuna gaɓa. Kogin ya tsuke ya sha kwana, ana jin rurinsa amma ba a ganin abin da ke gaba. Muka ja jiragen kan yashi muka taka muka leƙa. Gangare ne mai duwatsu, a ƙarshensa wata ƙatuwar bishiya ta faɗo ta tare fiye da rabin kogin, ruwa yana bi ta cikin rassanta. Ta hannun dama akwai ƙofa, faɗinta ya ishi jirgi har da saura.

Na duba sosai na ce wannan ai mai sauƙi ne, a riƙe dama tun daga sama. Dana ta ce tana ganin zai yiwu, amma duk abin da aka yanke tana ciki. Ummi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "No. Za mu ɗauka mu zagaya."

Zagayen rabin mil ne cikin taɓo, ga gwiwoyina. Raina ya ɓaci. Na ce mata na bi wuraren da suka fi wannan tun ba a haife ta ba. Ta ce ta sani. Sai na yi dariya, na ce, "Haba Ummi! Jikar masunta guda, wannan ɗan ruwan kike tsoro?"

Maganar tana fita na gane ta. Ba ranar na fara faɗinta ba.

Ran kasuwar nan ina tsaye a gaɓa. Sale yana cikin jirgi, ya ga ruwa ya kusa bakin katako, ya miƙe da ƙunshinsa zai sauka. Ga 'yan mata a ciki, ga abokanmu. Ni ne na yi dariya na ce masa, jikan masunta guda yana tsoron ruwa? Aka kwashe da dariya. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya koma ya zauna. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, har Hajiya.

Ummi ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta dube ni a gaban malamarta, ta ce da Hausarta mai tsami, "Eh Baba, ina tsoro. In mutum ɗaya ya yi mistake, bishiyar nan ba za ta sake shi ba. Kai ma ba za ka bi ba." Ta juya ta kwance jakarta daga jikin jirgi, ta ɗora jirgin a kafaɗa ta kama hanya.

Na ɗauki nawa na bi ta. Minti arba'in muka yi a rabin mil ɗin nan, taɓo har ƙauri, reshe yana kama jirgi, ƙudaje suna shagali. Na sa kai ina tafiya, ban dubi kowa ba. Dana ta zaci fushi nake, ta ce in kawo jakata, na girgiza kai. Har yau ina ganin da mun bi ƙofar nan da mun wuce lafiya. Ba wannan ne ya dame ni ba.

Sauran mil huɗun ruwa ne mai hankali. Biyu saura kwata muka hango gadar katako. Muka sace iskar jiragen, muka naɗe, kowa ya je ya sa alama a littafin nan cewa ya fito.

Komawa gida

Biyu da rabi muka ɗau hanya, na yi barci har Albany. Takwas saura kwata Dana ta sauke mu a Harlem, muka sami jirgin fito na takwas da rabi. Muka zauna a bencin waje, jakunkuna a tsakanin ƙafafu. Ummi ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauka abin da ya faru a bakin gangaren ya gama kashe maganar Alaska.

Da muka yi nisa da gaɓa na gaya mata labarin Sale, duka, har da abin da na ce masa. Da Hausa na faɗa, a hankali, don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Ta share ido da hannun riga. Na ce mata shekara uku ina tsoron ba ta iya ruwa ba, ashe ba abin da ya kamata in duba ke nan ba. Iyawa ai Sale ya fi mu duka. Na ce, "Ki je Alaska. Abin da kika yi mini yau, ki yi wa duk wanda ya yi miki dariya a can."

Tara da rabi muna gida. Hajiya ta buɗe ƙofa ta dubi taɓon da ke wandona, ta dubi fuskar 'yarta, ta dawo kaina. "Ai na ji kamar an ce amsa ba za ta canja ba," in ji ta. Na ce ta canja, a ba ni ruwan zafi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Na gode wa Dana da motarta da haƙurinta, da Malam Isa da kilishinsa. Wanda duk ya karanta wannan a gida, ina roƙonsa ya sa ƙanena Sale a addu'a. Yaron nan ya miƙe zai sauka, ni na sa shi ya zauna.